Hauren Giwar Ƙurɗuba ko Ƙashin Fusɗaɗ: Wanne Ɗalibi Zai Ɗauka?

Ɗalibin da ya ƙuduri aniyar rubuta kundi a kan sassaƙar ado ta ƙarnonin farko na Musulunci ba ya nisa da karatu sai ya tarar hanya ta rabu biyu a gabansa. Ɗaya ta nufi Andalus, wato Sifen ta zamanin mulkin Musulmi, inda masassaƙan fadar Umayyawa ta Ƙurɗuba, da waɗanda suka gaje su, suka yi battoci da akwatuna na hauren giwa tun daga wajajen shekarar 960 har zuwa tsakiyar ƙarni na 11. Ɗayar kuma ta nufi Masar, inda tarin juji na tsohon birnin Fusɗaɗ ya adana ɗimbin ƙananan abubuwa da aka sassaƙa da ƙashin shanu da na raƙuma. Littattafan tarihin fasaha sukan jera su a babi guda, tun da duka farare ne kuma kayan aikin sassaƙa su kusan ɗaya ne, amma abin da kowannensu zai nema daga mai nazari, da abin da zai saka masa da shi, sun yi hannun riga. Wanda ya zaɓa don kyawun hoto kaɗai yana iya shafe shekara guda kafin ya gane cewa takalmin da ya saka ba na ƙafarsa ba ne.

Bambancin yana farawa ne daga jikin abin da ake sassaƙawa. Haure haƙori ne, a cike yake, yana da santsi da ɗan maiƙo, kuma yana karɓar wuƙa ta kowace fuska ba tare da ya tsage ba, shi ya sa masassaƙi ke iya nutsawa ciki sosai, ya rarake bayan ganye ko ƙafar dabba har inuwa ta kwanta a ƙarƙashinsu. Gindin hauren yana da rami na halitta, kuma wannan ne ya ba battocin Andalus siffarsu ta zagaye: an yanko guntu ne daga hauren, aka ƙara rarake cikinsa, aka yi masa murfi mai kama da ƙubba. Ƙashi kuwa bango ne siriri da ya kewaye ɓargo. Ƙashin ƙwaurin saniya, wanda shi aka fi amfani da shi, ba ya ba da fili mai faɗi, kuma wanda ya matsa wuƙa da yawa zai ɓulla cikin rami. Dole ta sa adon ƙashi ya zauna a sama-sama, a kan 'yan alluna dogaye masu ɗan doro, waɗanda ake jerawa a kafe da ƙusa a jikin akwati ko kujera. Akwai kuma alamar da ake rarrabe su da ita, wadda ɗalibi zai buƙace ta ko wace hanya ya bi: idan an yanka hauren giwa a gicciye ana ganin layuka masu sarƙe juna kamar saƙar raga, ƙashi kuwa yana nuna 'yan ɗigo-ɗigo da gajerun zane baƙaƙe, wato hanyoyin da jijiyoyin jini suka bi lokacin da dabbar ke da rai.

Tsada ita ma ta raba su tun asali. Marubucin tarihi Mas'udi, wanda ya rasu a 956, ya rubuta cewa hauren ƙasar Zanj, wato gabar Afirka ta gabas, ana kwasarsa zuwa Oman daga nan a wuce da shi Sin da Indiya, abin da ya sa ya yi ƙaranci a ƙasashen Musulmi. Umayyawan Andalus sun sami nasu rabon ne bayan da Abdurrahman na Uku ya kafa ƙafa a gabar Magrib, ya kama Sabta a 931, shekara biyu da ayyana kansa halifa. Marubucin tarihi Maƙƙari ya kawo labarin kyautar da Ziri bin Aɗiyya, shugaban ƙabilar Zanata ta Magrib, ya aika Ƙurɗuba a wajajen 991, wadda a cikinta akwai haure mai nauyin ratali 8,000. Wato haure kayan sarauta ne, hanyarsa ta fada ce. Ƙashi kuwa a mahauta ake tsintarsa.

Abin da ya fi ɗaga darajar kayan Andalus a wurin mai nazari shi ne suna magana da bakinsu. A gindin murfin yawancinsu akwai rubutun Kufi da ya zagaye, yana faɗin wanda aka yi wa, wani lokaci da wanda ya ba da umarni, da wanda ya kula da aikin, da shekarar Hijira. Battar da ake kira ta Zamora, wadda ke gidan tarihi na ƙasa a Madrid, ta bayyana cewa halifa Hakam na Biyu ne ya sa a yi ta a shekarar 353, daidai da 964, domin uwar ɗansa Abdurrahman, wato Subh, ƙarƙashin kulawar bawansa Durri Ƙarami. Jikinta cike yake da rassa da ganyaye, ɗawisu da bareyi da tsuntsaye suna ɓoye a cikinsu. Wata batta da ke birnin New York tana ɗauke da sunan masassaƙinta, Khalaf, da baitocin waƙa da battar ke yabon kanta, tana cewa ita mazubin almiski ce da kafur da ambar, kuma da wannan ne muka san abin da ake ajiyewa a irinsu. Babban akwatin da ke Pamplona, na shekarar 395, wato 1004 zuwa 1005, an yi shi ne domin Abdulmalik ɗan babban waziri Mansur bin Abi Amir, kuma a jikinsa an rubuta cewa aikin Faraj ne da almajiransa. Samun sunan mai sana'a da na yaransa a jikin abin da ya haura shekara dubu ba ƙaramin abu ba ne, kuma kusan babu irin wannan a kayan ƙashi.

Ya kamata a tsaya a kan battar Mugira, wadda ke gidan tarihi na Louvre a Paris, domin ita ce ke jan mafi yawan ɗalibai zuwa wannan fage, kuma ita ce ke nuna daɗinsa da tarkonsa a lokaci guda. Tsayinta bai wuce santimita 16 ba, tafin hannu biyu sun rufe ta. An yi ta a 357, wato 968, a zamanin da fada ke Madinatuz Zahra kusa da Ƙurɗuba, domin Mugira ɗan Abdurrahman na Uku, ƙanen halifa mai ci. An raba jikinta gida huɗu, kowane gida da'ira ce mai kunnuwa takwas. A ɗaya, mai kaɗa molon Larabawa yana tsaye tsakanin samari biyu da ke zaune a kan gado. A na biyu zakuna biyu sun danne bijimai. A na uku mahaya biyu suna tsinkar dabino daga bishiya guda, a na huɗu kuma wasu mutum biyu suna ɗebe ƙwai daga sheƙar shaho yayin da karnuka ke cizon ƙafafunsu. Tsakanin da'irorin babu wurin da aka bari fayau, 'yan kokawa da dabbobi masu karo da tsuntsaye sun cike ko'ina. Shekara takwas bayan haka, da Hakam ya rasu a 976, aka kashe Mugira domin a share wa yaro Hisham, ɗan Hakam, hanyar gadon sarauta. Wannan ƙarshe nasa ya sa masana suka yi ta fassara hotunan: wasu na ganin kira ne gare shi ya nemi mulki, wasu na ganin gargaɗi ne ya kama kansa, wasu kuma na cewa adon fada ne da na taurari kawai. Rubutun da ke jikinta bai goyi bayan kowa ba, addu'ar albarka da farin ciki ce da suna da shekara. A ganina ɗalibin da ya shiga wannan muhawara da niyyar kawo fassara ta biyar ko ta shida ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, domin manyan masana sun tattake wurin, kuma babu sabuwar hujja da za ta fito daga kallon hoto.

Nan ne babbar naƙasar hanyar Andalus take. Abin da ya rage na waɗannan kayayyaki bai fi talatin da 'yan kai ba, har da na birnin Kuwenka, inda dangin Ibn Zayyan suka ci gaba da sana'ar bayan rushewar Ƙurɗuba, suka bar akwatin Silos na 1026 da na Palensiya na 1049 zuwa 1050. Bajamushe Ernst Kühnel ya tattara su a babban kundin da ya fito a 1971, kuma tun daga nan ake ta rubutu a kansu da Sifananci da Faransanci da Jamusanci da Turanci. Ga shi kuma ba daga ƙasa aka tono su ba. Yawancinsu sun tsira ne a taskokin majami'u da gidajen 'yan zuhudu na arewacin Sifen, inda suka isa a matsayin ganima ko kyauta, aka mai da su ma'ajiyar ƙasusuwan waliyyan Kirista, kamar yadda akwatin Pamplona ya daɗe a gidan zuhudu na Leyre. Wannan tafiya tasu daga ɗakin matan halifa zuwa bagadin coci labari ne mai zaman kansa, amma tana nufin ba mu da ɗakin da aka yi su, ba mu da ɓarɓashin aikin, ba mu da wanda aka fara aka lalata aka jefar.

Abin da Ƙurɗuba ta rasa shi ne Masar take da shi a yalwace. Amru bin As ya kafa Fusɗaɗ a wajajen 641, birnin ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga manyan kasuwannin duniyar Musulmi, aka ƙone wani sashe nasa a 1168 don kada mayaƙan Salibiyya su mamaye shi, sannan a hankali ya koma kufai da tsaunukan shara. Ali Bahgat ya fara tonon wurin a 1912, George Scanlon da Wladyslaw Kubiak suka yi nasu daga 1964 zuwa 1980, sai tawagar Faransa ƙarƙashin Roland-Pierre Gayraud ta yi aiki a yankin Isɗabl Antar daga 1985. Busasshiyar ƙasar Masar ta riƙe abin da damina za ta cinye a wani wuri. An sami gululun mazari, da tsinken shafa kwalli da mazubansa, da maɓallai, da 'ya'yan dara, da marikin wuƙa, da allunan ado na akwatuna, har da guntayen da aka yanke da zarto aka watsar da waɗanda ba a ƙarasa ba, waɗanda a wurin mai son sanin yadda aka yi aikin sun fi kammalallun daraja.

Kashi biyu daga cikin waɗannan sun cancanci a dube su da kyau. Na farko su ne allunan da ke ɗauke da reshen inabi yana fitowa daga tulu, yana murɗawa, ganye a nan, nonon inabi a can, wani lokaci da tsuntsu yana caka. Wannan ado ya girmi zuwan Musulunci Masar, masassaƙan Iskandariyya sun daɗe suna yin sa tun zamanin Rumawa, kuma ba su ajiye wuƙaƙensu ba don mulki ya sauya hannu. Wanda ya jera allunan nan zai ga yadda siffofin mutane na tatsuniyoyin Girka suka yi ta raguwa, ganyen kuma yana ta nisa da ganyen gaskiya, yana komawa zane mai maimaita kansa, har ya kama hanyar adon da daga baya aka san fasahar Musulmi da shi. Babu wani wuri da ake ganin wannan sauyi daki-daki kamar a ƙashi, saboda yawansa. Na biyu su ne 'yan tsanar ƙashi, waɗanda aka samu a Masar da Falasɗinu daga kusan ƙarni na 7 zuwa na 11. Galibinsu ba su fi tsawon yatsa ko tafin hannu ba, an zana musu manyan idanu da gira da 'yan layuka kaɗan, an huda kunnuwan wasu don 'yan kunne, wasu an haɗa musu hannaye daban, wasu kuma an same su da ragowar tufa ko gashi a jikinsu. An daɗe ana kiransu 'yan tsanar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, alhali yawancin waɗanda aka tono a wurin da aka san shekarunsa na zamanin Musulunci ne. Har yanzu ana muhawara ko kayan wasan yara ne ko suna da alaƙa da neman haihuwa. Yarinyar da ta riƙe irin wannan a wani lungu na Fusɗaɗ ba ta shiga littafin tarihin kowa ba, kuma ta wannan ƙashi kaɗai ake jin ɗuriyarta.

Sai dai wahalar wannan hanya ba ta ɓoyuwa. Ƙashi bebe ne, babu suna, babu shekara. Da yawa daga abin da ke gidajen tarihi na Turai da Amurka an saye su ne daga hannun dillalai tun kafin a fara tono na ilimi, ba a san ramin da suka fito ba, shi ya sa za ka ga allo guda an rubuta masa ƙarni na 6 a wani gida, ɗan'uwansa kuma an rubuta masa ƙarni na 8 a wani. Mai nazarin ƙashi dole ya koyi karanta rahoton tono, ya san ma'anar shimfiɗun ƙasa da yadda tsabar kuɗi ko fasasshen tukwane ke nuna zamani, ya kuma san ɗan abin da ya sawwaƙa na ƙirar jikin dabba. Aiki ne na haƙuri da awo da jera kamanni, ba shi da armashin labarin yarima da makircin fada.

Kada a ɗauka Masar ba ta san haure ba. Faɗimiyyawa, waɗanda suka kama ƙasar a 969, sun bar alluna na haure masu huda-huda, kamar guda huɗun da ke Balin da waɗanda ke gidan Bargello a Fulorans, cike da maharba da makaɗa da masu rawa, kuma motsin jikin mutanensu ya fi na Ƙurɗuba rai. Amma ba su da rubutun shekara, ga shi an wawashe taskar fadarsu a zamanin halifa Mustansir a shekarun 1060, don haka matsalarsu ta fi kama da ta ƙashi. Haka ma ƙonannun allunan haure da aka tono a Humaima, kudancin Jodan, gidan da dangin Abbasiyawa suka zauna kafin su karɓi mulki a 750: suna da muhimmanci saboda tsufansu, amma sun yi kaɗan a gina kundi a kansu su kaɗai.

Akwai tambayoyi biyu na addini da mai karatu Bahaushe ba zai rasa yi ba, kuma sun shafi zaɓin. Ta farko ita ce ta surar mai rai. Wanda ba ya son ya shafe watanni yana kallon hotunan mutane da dabbobi yana da mafita a ɓangarorin biyu: akwatunan farko da aka yi wa 'yar Abdurrahman na Uku a wajajen 961, waɗanda ke gidan Victoria da Albert a Landan, ganye ne da rubutu zalla, haka ma allunan inabi da yawa da aikin dasa ƙashi a cikin itace na Masar. Ta biyu ita ce ta hukuncin hauren kansa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure zai tuna Ibn Abi Zaid ya ambaci karhancin amfani da hauren giwa, tare da nuna cewa an yi saɓani a kai. Malamin ya rasu a Ƙairawan a 996, wato yana raye lokacin da ake sassaƙa battar Subh da ta Mugira a ƙasar da mazhabar Malikiyya ke mulki. Yadda fada ta rungumi abin da fiƙihun ƙasarta ke ɗari-ɗari da shi tambaya ce da ɗalibin da ya taso da littattafan Malikiyya ya fi yawancin masanan Turai shirin tunkararta.

Wannan ne ma ya sa nake ganin wanda ke da Larabci mai ƙarfi, lokacinsa gajere, kuma ba shi da halin tafiya, Andalus ta fi dacewa da shi, da sharaɗin ya bar fassarar hotuna ya kama rubutun. Manyan gidajen tarihin da ke riƙe da kayan sun saka hotunansu a intanet, ana iya faɗaɗa su a karanta harafi bayan harafi, ko da yake Kufin wancan zamani ba shi da ɗigo kuma ƙarshen haruffansa kan rikiɗe ya zama ganye, sai ido ya saba. Jera addu'o'in da ke jikinsu, da laƙabin masu mulki, da muƙaman bayin da suka kula da aiki, a gwada su da abin da marubutan tarihin Andalus suka faɗa, aiki ne mai iyaka da za a iya gamawa cikin shekara guda a tsaya a kare shi.

Wanda kuwa yake hangen dogon zango, yana son fagen da bai cika da manya ba, ƙashi ya fi masa riba, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Alƙahira ta fi Madrid da Paris da Landan sauƙin zuwa ga ɗan Najeriya ko Nijar, kuma ɗalibanmu da ke karatu a Azhar suna kusa da gidan kayan tarihin Musulunci na Babul Khalƙ, wanda aka sake buɗewa a 2017 bayan ɓarnar da bam ya yi masa a 2014, da gidan tarihin Kibɗawa da ke tsohuwar Alƙahira, ɗan taƙi kaɗan daga masallacin Amru da kufan Fusɗaɗ ɗin kansa. Kayan Andalus kuwa a warwatse suke a ƙasashe da dama, ganinsu da ido yana buƙatar biza fiye da ɗaya.

Sannan ƙashi ne kaɗai ɗalibi zai iya gwadawa da hannunsa. An haramta cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe tun 1989 ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, kuma babu mai hankalin da zai nemi haure don gwaji alhali giwayen da suka rage a wurare irin su Yankari ƙidayayyu ne. Ƙashin ƙwaurin sa kuwa yana nan a kwata kowace safiya. A yanke kawunansa biyu da zarto, a fitar da ɓargon, a dafa shi har maiƙon ya fita, a shanya a inuwa, sannan a tsaga shi a tsaye a goge da magagari. Wanda ya yi haka sau ɗaya zai ga da idonsa cewa allon da ya samu bai fi faɗin yatsu biyu ko uku ba, zai ji inda wuƙa ke tafiya da inda take turjewa, kuma idan ya koma kan hoton allon inabi na Fusɗaɗ zai gane dalilin da ya sa reshen ya miƙe a tsaye yana murɗawa a ƙuntataccen fili, da dalilin da ya sa aka huda ramin ƙusa a daidai inda aka huda shi.